Kamfani sun ce sai an gwada ƙarfina kafin in koma aiki, wa ya taɓa yi?

Ɗan Herwagana:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ya tsaya min a rai kwana biyun nan ko barcin kirki bana yi.

Ni a sito nake aiki nan cikin Gombe, wani kamfani ne masu taki da siminti, shekarata shida da su. Aikinmu sauke kaya da lodi, tirela ta zo mu sauke mu jera, ƙananan motoci su zo mu loda musu. Wata bakwai da suka wuce muna sauke taki ina saman mota ina miƙo wa yara, sai layin buhunan da ke bayana ya zame ya taho da ni har ƙasa, ƙafar dama ta karye a ƙwauri. An yi min aiki an sa ƙarfe a cikin ƙashin, na yi wajen wata uku da sanduna, yanzu alhamdulillahi ina takawa ba sanda har masallacin Juma'a da ƙafa nake zuwa. Hoton ƙarshe da aka ɗauka likita yace ƙashi ya haɗe.

Toh na ɗauki takardar da murnata na kai ofis, sai manaja yace wai wannan kaɗai ba ta isa ba, sai na je wurin masu gashin ƙashi na asibiti sun gwada ƙarfina sun rubuto musu kilo nawa zan iya ɗagawa da awa nawa zan iya tsayuwa sannan a san inda za a sa ni. Ni tunda nake ban taɓa jin an yi wa lebura jarabawa ba wlh. Tun wata na huɗu da karayar rabin albashi suke ba ni, ga yara huɗu ga haya ta ƙarato, maiɗakina ce ke riƙe gidan da ɗan ɗinkin da take yi.

Abin da nake so in sani, me ake yi wa mutum a wannan gwaji? Ba dabara ba ce ta a samu hujjar sallamata? Sannan wani abokina yace in sha tramol da safen ranar in ɗaga duk abin da suka ba ni kar in nuna musu komai. Gaskiyar da ban faɗa wa likita ba ita ce in na yi sujada gwiwar tana min ciwo ta gaba, zaman tahiya sai na miƙe ƙafar, in na tsuguna a banɗaki sai na dafa bango nake tashi, ƙafar ta fi ta hagu siranta, da yamma kuma idon sawu yana ɗan kumbura. Shekarata 34.

Sarkin Yaƙin Pantami:

Kai malam ruwa ba ya tsami banza. Likitan da ya tsaga ƙafa ya sa ƙarfe yace ka warke, sai wani manaja da bai san ƙashi daga tsoka ba yace sai an sake gwadawa? Takarda suke nema da za su ɗora a fayil su ce ga shi nan asibiti ne ya ce ba zai iya ba ba mu ba ne. Ka je ka nuna musu kai namiji ne, in buhu biyu suka ba ka ka haɗa ka ɗauka, ka koma aikinka, sauran ciwon a hankali zai tafi. Talaka ba ya da lokacin jinya.

Mai Gashi Bauchi:

Wa alaikumus salam. Malam sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Aikina kenan, gashin ƙashi, fisiyo da ake cewa. Bari in fara da maganar tramol don ita ta fi ɗaga min hankali. Kar ka sha. Ciwo shi ne birkin da ya rage maka, in ka kashe shi ka ɗaga kilo 50 sau ɗaya a gabanmu za mu rubuta ka iya, su kuma su mayar da kai saman tirela ka ɗaga shi sau ɗari biyu a rana, toh ranar wa zai sha maka? In akwai maganin da likita ya ɗora ka a kai kullum ka sha shi yadda ka saba ka faɗa wa mai gwajin, ƙari ne ban yarda ba.

Manajan naku ban san zuciyarsa ba amma abin da ya nema ba baƙon abu ba ne. Hoto ƙashi kawai yake nunawa. Wata uku ƙafa ba ta ɗaukar nauyinka, tsokar cinya da ta sha-raɓa sun zube, idon sawu ya sandare, shi ya sa ka ga ta sirance. Kuma abin da ke riƙe ka a kan katakon hawa mota da buhu a ka ai ba ƙashi kaɗai ba ne, tsoka ce da jijiya da yadda ƙafa ke gyara kanta da sauri in ka taka gefe. Ciwon gwiwa a sujada kuwa sananne ne ga wanda aka sa wa irin ƙarfenka, don yawanci ta gaban gwiwa ake shigar da shi, ba alamar ƙashi bai haɗe ba ne, amma dole ka faɗa. Mu nan ma sujada da tahiya da tsuguno su muke fara tambaya, sun fi kowane fom gaya mana inda gwiwa take.

Ga yadda abin yake tafiya. Za a zauna da kai a yi tambayoyi, a auna jininka da bugun zuciya, in jini ya hau da yawa ɗage gwajin ake yi zuwa wata rana. A auna iya lanƙwashewar gwiwa da idon sawu da wani ma'auni kamar rula biyu a haɗe, a sa tef a auna kaurin cinya biyun a kwatanta. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya, tafiyar minti 6 a ga nisan da ka ci da yadda takunka ke canzawa in ka fara gajiya, hawa da saukar matakala, tsuguno, durƙuso, turi da ja. Sannan a zo kan babban, wato ɗaga kaya. Akwati ne ake sa wa nauyi, mu da buhunan yashi da muka auna a sikeli muke yi, ka ɗaga daga ƙasa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa sama da kai, ka ɗauka ka yi tafiya da shi, ana ƙara nauyin kaɗan kaɗan. Yakan ci awa uku huɗu, wasu wuraren kwana biyu ake raba shi kuma ni na fi son na kwana biyun, don rana ta biyu ce ke tona abin da ta farko ta ɓoye, kumburin nan naka na yamma misali.

Ba kai za ka ce ya isa ba kaɗai, mu ma muna kallo. In ka fara jingina nauyi kan ƙafar hagu, ko kana fizgar akwatin da baya, ko ka riƙe numfashi jijiyar wuya ta fito, za a tsayar da kai ko kace kana iyawa. Bugun zuciya ma akwai iyaka, ana cire shekarunka daga 220 a ɗauki kashi 85 cikin ɗari, kai mai 34 wajen 158 kenan a minti, in ka haura nan sai a dakata. Akwai kuma wani ƙarfen matsi na hannu mai wurin riƙo biyar, a sa ka matsa sau uku uku, mai yi da gaske lambobinsa kusa da juna suke fitowa kuma tsakiya ta fi ƙarfi, mai wasa kuwa nasa sai su yi ta tsalle. Mutum biyu muke fama da su, mai langaɓewa don a ba shi diyya da mai cika baki don kar a kore shi, kuma jiki magayi ne duk su biyun yana tona su.

Sarkin Yaƙi yace ka haɗa buhu biyu, bari in ba ku lissafi. Ma'aunin da yawancinmu ke amfani da shi na ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ne, sun kasa aiki gida biyar gwargwadon nauyin da mutum ke ɗagawa jefi jefi, wato bai wuce kashi ɗaya cikin uku na yinin aiki ba. Aikin zaune wajen kilo 4 da rabi, mara nauyi kilo 9, matsakaici kilo 23, mai nauyi kilo 45, abin da ya haura 45 shi ne gidan ƙarshe. Kaga buhun siminti ko na taki guda ɗaya mai kilo 50 ya riga ya shige gidan ƙarshe, kuma ku ba jefi jefi kuke ɗauka ba yini kuke yi. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya tun 1967 ta ba da shawarar a rage abin da namiji babba ke ɗauka shi kaɗai kar ya wuce kilo 55, sai ka je kasuwar Tudun Hatsi ka ga yaro ya sungumi buhun masara mai kusan kilo 100 a wuya yana dariya. Allah dai Ya kyauta. Abin nufi aikin da kake son komawa yana cikin mafi nauyi da ɗan Adam ke yi, iya zuwa masallacin Juma'a da ƙafa bai kai ma'auninsa ba.

Kuma ba jarabawar ci ko faɗuwa ba ce. Ƙarfinka ake ɗorawa kusa da abin da aikin ke buƙata a ga tazarar. Don haka kafin ka je ka sa ofis su rubuta maka aikin dalla dalla, nauyin buhu, kamar guda nawa a rana, a ka ake ɗauka ko a kafaɗa, taku nawa daga mota zuwa sito, ana hawa katako ko a'a, tsayin layin da kuke jerawa. In ba wannan takarda mai gwaji zai yi ta harbi a duhu ne. Ka roƙe su su haɗa da sauran ayyukan da ke siton, ƙirga, baro, gadin ƙofa, don rahoton ya iya cewa wannan ba yanzu ba amma wancan zai iya.

Wurin yi, akwai sashen fisiyo a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, akwai a asibitin koyarwa na ATBUTH Bauchi, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Duk inda za ka je ka tabbata mai sa hannun yana da rajista da hukumar MRTB, ita ke ba mu lasisi. Ka karya da safe, ka sa takalmin da kake aiki da shi ba silifas ba, kar ka je da azumi.

Magini Yelwa:

Ɗan uwa ka ji maganar likita. Ni baya ne nawa, na faɗo daga katakon da muke takawa a wani bene, ba karaya aka ce faifan da ke tsakanin ƙashin baya ne ya turo. Ni ba kamfani gare ni ba, ɗan kwangila ne in ka fito a biya ka in ba ka fito ba Allah Ya ba da sa'a, don haka sati biyar na ji sauƙi na ɗaura ɗamara na koma, ba wanda ya gwada ni nima ban san ana yi ba. Rana ta farko lafiya, ta biyu lafiya har ina yi wa yara tsiya, ta uku da hantsi na sunkuya zan ɗauki bulo mai inci tara sai naji kamar an zuba min wutar lantarki daga ƙugu har babban yatsa, a baro aka fitar da ni bakin titi wlh, baron da muke ɗiban kwaɓi. Wata huɗu ina kwance, sallah a zaune, babur ɗina na sayar. Sauri ya haifi nawa kenan. Yanzu ina aiki amma ɗora bulo kawai nake yi yara ke miƙo min, kuma na fi da samun kuɗi ma don na koma kan filasta da tayil.

Amma likita ina da magana ɗaya. Ɗakin gwajin naku akwai fanka, ƙasa a shafe take, akwati yana da hannun riƙo, ana ba mutum hutu tsakani. Sito kuwa watan huɗu a Gombe rana kamar ta fasa kai, buhu ba shi da hannu yana zamewa da gumi, katako yana rawa, direba yana hon yana cewa zai kwana a Yola ne ku yi sauri. Ta yaya awa huɗu a inuwa za ta gaya muku abin da zai faru a yini na goma a rana? Ba raini ba ne tambaya ce.

Mai Gashi Bauchi:

Oga magini tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan ce maka gwajin yana ganin komai ba. Hoton yini ɗaya ne ko biyu. Shi ya sa abin da mutum ya ɗaga sau ɗaya ba shi muke rubutawa a matsayin na yini ba, nauyin da za a yarda ya maimaita yana ƙasa da wannan sosai. Kuma shi ya sa rahoto mai kyau ba ya cewa ya koma kawai, yana cewa ya fara da rabin yini ko da kaya mara nauyi na sati kaza, a ƙara a hankali, a dawo a sake dubawa. Da an yi maka haka a sati na biyar da sunkuyon farko za a gani.

Baffa na Dukku:

Salamu alaikum yara. Ni dai naga kamar sabon suna aka ba tsohon abu. Mu da a ƙauye in mai ɗori ya kwance maka karan ba ya cewa jeka gona, sai yace ka fara zuwa rijiya da ƙaramin tulu, in ka kwana ƙafa ba ta kumbura ba ka ƙara babba, sai ka yi noman safe kawai ka dawo kafin rana ta take, haka har ka koma daidai. Wanda ya ƙi ji ya ɗau galma tun ranar farko shi ne kake gani yana ɗingishi har tsufa. Yaro ka samu man shanu da ruwan ɗumi a riƙa murza maka ƙafar da dare, kuma ka rage wannan tsoron, arziki ba a saman tirela kaɗai yake ba.

Mai Gashi Bauchi:

Baffa Allah Ya ƙara girma, wannan na tulun shi ne karatun namu gaba ɗaya sai dai mu mun sa masa sikeli. Murza a hankali da ruwan ɗumi ba laifi tunda ciwon ɗinkin ya warke. Abin da kawai zan roƙa kar a kai ƙafar wurin wanda zai ja ta ko ya murɗa ta wai zai gyara zaman ƙashi, akwai ƙarfe da kusoshi a ciki.

Adda Maman Ummi:

Ƙanina sannu, Allah Ya ba da lafiya mai ɗorewa. Ni ban san ƙashi ba amma na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata kafin in bari, kuma naga duk kun tafi kan gwaji kun bar inda kuɗin yake. A bakin aiki ka ji ciwon nan, kana saman motar da suka sa ka sauke. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 wadda Jonathan ya sa wa hannu, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, hukumar NSITF ke riƙe da asusun. Kowane mai ɗaukar ma'aikata ya kamata yana zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa ba daga naka ba, doka ta hana a cire a albashin ma'aikaci. Kuma kar wani yace maka ai kai lebura ne ko na wucin gadi, dokar ta haɗa da na dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke ka ba takarda. Hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki balle naka.

Lokaci ne abin dubawa. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da mai aikin, naka a gabansu ya faru wannan ba matsala. Su kuma kwana 7 gare su su kai rahoto hukumar. Neman diyya cikin shekara ɗaya ake shigar da shi daga ranar da abin ya faru, sai da wani uzuri na musamman ake ɗagawa zuwa shekara uku, kai kuma ka ci wata bakwai saura biyar. Don haka gobe in ka je karɓar takardar bayanin aiki da likita yace, ka tambaye su cikin ladabi ko sun kai rahoton hatsarinka, in sun ce eh kace su ba ka kwafi.

Sannan ga inda Sarkin Yaƙi ya kuskure. Rahoton gwajin nan in ya nuna ƙarfinka ya ragu ba makaminsu ba ne su kaɗai, naka ne ma. Dokar ta ce wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, wanda kuma ya samu nakasar da ta rage masa samu ta dindindin ana lissafa kashi 90 na abin da ya ragu ɗin, har da taimakon gyaran jiki da koyon wani aikin. Toh in ka sha ƙwaya ka je ka ɗaga buhu biyu aka rubuta lafiyarka garau, ka yanke wannan igiyar da hannunka, gobe ƙafa ta sake ba da matsala su ce ga takarda kai ka ce ka warke.

Ban ce kamfanoni duk waliyyai ba ne, na ga abubuwa da idona shi ya sa ma na bari. Kar ka sa hannu a kowace takarda da ba a karanta maka ka gane ba, musamman mai cewa ka ajiye aiki da kanka ko ka karɓi wani abu ka yafe sauran. Duk takardar asibiti da rasit da hoton ƙashi ka yi musu fotokwafi ka ajiye na asali a gida wurin maiɗakinka. Rahoton gwajin ma ka nemi naka kwafin tun a asibiti kar a rufe a ambulan a miƙa wa manaja kai ba ka san me ke ciki ba. Tunda su suka nemi gwajin kace su biya kuɗinsa. In abu ya ƙi akwai ofishin ƙwadago na tarayya a jiha, akwai Legal Aid masu ba da lauya kyauta ga mara hali, akwai kotun ma'aikata.

Sarkin Yaƙin Pantami:

Adda duk wannan a takarda ne. Amma toh naji, tramol ɗin dai na janye.

Ɗan Herwagana:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shiruna sati biyu, na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri, likita da Adda musamman. An yi gwajin kwana biyu aka raba shi. Ofis sun rubuta takardar aikin amma sai da na yi sawu uku, kuma da farko sun rubuta wai buhu hamsin a rana sai da na kira shugaban leburorinmu yace haba ranar da tirela biyu ta zo fa, sannan aka gyara. Kuɗin gwajin sun biya.

Ban sha komai ba sai kunu da ƙosai. Wata mata ce ta yi min, na faɗa mata maganar sujada da banɗaki duk da kunya ta kama ni, ta rubuta ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tafiyar minti 6 ba matsala, hawa matakala ba matsala, saukowa ce ƙafar ta riƙa rawa ni kaina ban san tana haka ba don gidanmu ba bene. Tsayuwa da ƙafa ɗaya hagu na kai sakan 30 ta ce ya isa, dama a 11 na dafa bango. Akwati daga ƙasa na kai kilo 30 ina ji zan iya ƙari nace ta ƙara, ta ce a'a tun a 25 ka koma kan ƙafar hagu gaba ɗaya, ta nuna min a bidiyon da ta ɗauka da waya, wlh kamar mai ɗingishi a tsaye. Zuwa kafaɗa 20. Washegari na tashi idon sawu ya yi suntum takalmi da ƙyar ya shiga, ta sa tef ta auna ta rubuta.

Rahoton yace lodi da hawa mota ba yanzu ba, amma zan iya ƙirga da tura baro a ƙasa mai kyau da ɗaga abin da bai wuce kilo 15 ba jefi jefi, in yi sati shida ina zuwa gashi sau biyu a sati sannan a sake gwadawa. Ranar raina ya ɓaci ba zan ɓoye ba, na zauna a bakin asibiti na daɗe kafin in hau Keke. Manaja ya karanta ya sa ni a ƙofa ina ƙirga buhu da yanka takardar fita, albashi ya dawo cikakke, sai dai kuɗin buhu da muke rabawa in an sauke mota babu ni a ciki kuma shi ne mai auki. Baffa man shanun ana yi.

Adda saura maganar rahoton hatsari, na tambaya sau biyu ana ce min akawu ya yi tafiya shi ke da fayil ɗin. In jira shi ko in je ofishin hukumar da kaina? Ina tsoron kar su ga kamar ƙararsu na kai yanzu da aka fara shiri.

Adda Maman Ummi:

Ka rubuta musu 'yar takarda layi uku kana neman kwafin rahoton, ka yi biyu su buga hatimi a ɗaya da kwanan wata ka riƙe. Ka ba su zuwa Juma'a. In akawu bai dawo ba Litinin ka je ofishin hukumar da fotokwafin komai har da rahoton gwajin, kace tambaya ka zo yi ko sunanka ya iso, tambaya ba ƙara ba ce. Ka tafi da katin aikinka da takardar albashin wata ukun da suka gabaci hatsarin, kuma ka tambayi shugaban leburorin ko akwai littafin da yake rubuta rabon kuɗin buhu, in akwai ka ɗauki hoton shafukan da sunanka yake.